Sakatar Keken Yaya

Yayata gurguwa ce. Ita ba ta taɓa kauce wa kalmar ba, don haka ni ma ba zan kauce mata ba. Shan inna ne ya same ta tun kafin a haife ni, ya shanye ƙafafun biyu, ya bar ta da hannuwan da in ta damƙe ka sai ka nemi sulhu. Na sha damƙar nan ina yaro. Da na yi wayo a kan keke na same ta, shi ya sa a idona ita da keken ba sa rabuwa, kamar Baffa da buzunsa.

Baffa yayan mahaifinmu ne, shi ne mai gidan tun rasuwar mahaifinmu. Malamin zaure ne. Daga hantsi har la'asar zaurenmu cike yake da magidanta masu ɗaukar karatu, wannan ya tashi wancan ya zauna, fartanyoyinsu a jingine a waje. Kakanmu ne ya gina zauren da ƙasa, irin ginin da: in ka shigo ta ƙofar waje bango za ka tarar a gabanka, sai ka karya hagu, ka ratsa ta gaban masu karatu, ka sake karyawa dama ta wata 'yar ƙofa, sannan ka ga tsakar gida. An yi shi haka ne don kada idon na waje ya kai ga mata. Mu da muka tashi a ciki ba ma sanin mun karya wata kwana. Ƙafa ce take yi da kanta.

Keken Yaya na farko wani tsoho ne ya ƙera shi a cikin birni, kuma sai da mahaifinmu ya rabu da bijimin nomansa kafin ya samu. Taya uku gare shi, biyu a baya ɗaya a gaba, da hannu ake murza shi, kaca ta ja tayar gaban. Ga nauyi ga ƙara, tun daga nesa ake sanin tana tafe. Amma a wuyansa, daidai inda gaba ya haɗu da kujera, akwai wani guntun ƙarfe mai kaurin yatsa da ake zarewa. Yaya ce ta raɗa masa suna sakata. In ta iso ƙofar gida sai ta zare sakata, gaban keken ya rabu, ta ingiza shi jikin bango, wata 'yar ƙaramar taya da ke ƙarƙashin mataki ta taɓa ƙasa. Shi ke nan keke ya zama kujera. Sai ta gyara mayafi, ta yi sallama, ta kama manyan tayoyin da hannu ta karya kwanar nan tana zaune daram, ta gaida Baffa, ta gaida na gabansa, ta wuce. Masu karatu ko ɗaga kai ba sa yi, ƙafa kawai suke naɗewa.

Kitso take yi da lalle. A wajenmu gidaje a warwatse suke cikin gonaki, unguwa nan unguwa can, ba inda ƙasa take zaman banza, dawa har jikin katanga. 'Yan siraran hanyoyin da ke tsakanin gonakin nan ba wadda Yaya ba ta sani ba. Ta yi aure, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu ta dawo gida, duk a kan keken nan. Biki, suna, dubiya, gaisuwar mutuwa, ba a yi babu ita. Da yamma in ta dawo ta zare sakata, sai matan gida su kewaye ta, don labarin da ke bakinta ba ka samunsa a rediyo. Nakan ce mata ni mai ƙafa biyu ban kai ta yawo ba. Sai ta ce ai nawa ƙafafun na ado ne.

A hankali keken ya tsufa. Ramin sakatar ya yi ta faɗi, wuyan ya tsage, mai waldan bakin titi ya liƙe, ya sake tsagewa, ya sake liƙewa, har wata rana ya cire baƙin tabaransa ya ce mini gaskiya ba sauran inda wuta za ta kama. Na tambayi labarin tsohon da ya ƙera shi, aka ce ya jima da rasuwa, kuma ba wanda ya gaji aikin. Ba a daɗe ba wuyan ya karye mata a hanya tana dawowa daga gidan amarya. A amalanken shanu aka dawo da ita, gutsattsarin keken a gefenta. Ba ta ji ciwo ba. Gutsattsarin kuwa 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa ne suka ɗora a sikeli suka tafi da su, har da sakatar, ba wanda ya yi tunanin ajiye ta.

Ina da aboki da muka yi sakandare tare. Ni na tsaya a malamin firamare, shi ya wuce ya zama injiniya, kuma na ji yana aiki a wani wurin ƙera kekunan guragu a Kano, wasu masu taimako suna biya ana rabawa kyauta. Na shiga mota na same shi. Mutum ne mai son aikinsa har ya gundure ka da shi, tun muna makaranta haka yake. Kafin in gama faɗin abin da ya kawo ni ya ce an gama, Yaya ai yayarsa ce, sannan ya ja hannuna wai sai na ga abin da ya yi.

Ya ce lokacin da ya zo wurin, keke ɗaya sai ya ci maƙera kwana da kwanaki. Sai ya zauna ya wargaza irin na da, ya baje kayan a ƙasa, ya riƙa ɗaukar kowane guntu yana tambayar kansa, wannan in babu shi me zai faru? In ba abin da zai faru sai ya ture shi gefe. In guntu biyu a manne suke, ba mai motsi a cikinsu, sai ya mai da su ɗaya. Inda a da ake yanka bututu gida-gida a haɗa da walda, shi sai ya sa a lanƙwasa dogo guda tun daga bayan kujera har wuya. Ya nuna mini noti, duk na jikin keken girmansu ɗaya, sufana ɗaya ta ishe ka ɗaure shi gaba ɗaya. Hagu da dama ba bambanci, duk yadda ka juya ƙarfen daidai ne, don haka ba mai ɗaura shi a baibai. Taya, kaca, birki, duk na keken hawa ne da za ka samu wurin kowane mai gyara a kasuwar ƙauye. Ga kuma wani teburin ƙarfe mai maƙalai da ya ƙera, ka ɗora bututu a kai ya zauna inda ya kamata, ba awo ba gardama, ko jiya ka fara walda za ka fitar da keke irin na wanda ya shekara yana yi.

Kalma ɗaya ce a bakinsa: sauƙi. Sauƙin haɗawa, sauƙin gyara, sauƙin kuɗi. Ya ce abin da a da ake kashewa a kan mutum ɗaya, yanzu mutane da yawa yake ɗagawa daga ƙasa. Kuma gaskiyarsa ne. Ni kaina na san guragu a ƙauyukanmu da suka tsufa suna jan ƙasa, don iyayensu ba su da bijimin sayarwa. Na tsaya ina kallon kekunan a jere, shuɗaye, kamar rana ɗaya aka haife su, har na ji ina alfahari da shi.

Na tambaye shi, sakata fa? Bai gane ba sai da na kwatanta masa. Ya yi dariya ya ce wannan gaɓar ita ce ta fi komai cin aiki: sai an kai ta wurin injin sassaƙa ƙarfe, sai an sa bututu mai kauri, ga 'yar taya ta huɗu, kuma nan ne keke yake fara mutuwa, ko ba nan na Yaya ya karye ba? Nan ya karye. Ya ce kada in damu da ƙofa, ya auna ƙofofin makarantu da asibitoci da shaguna, ba wadda keken nan ba ya shiga. Ni ma na auna ƙofarmu a raina na ga tana da faɗi. Muka ci shinkafa da wake, na kamo hanya.

Ranar wata Juma'a aka kawo shi a saman motar Bagwai. Ba karatu, zaure ba kowa. Yaya ta jawo jiki ta fito, ta hau. Murzawa ɗaya ta yi keken ya zabura, ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba, ta ce wannan ai ba keke ba ne, iska ce. Ta je har gindin tsamiyar mararraba ta dawo, matan maƙwabta suna leƙe ta saman zana suna yi mata barka. Sannan ta nufi ƙofa, hannunta ya tafi wuyan keken da kansa yana lalube. Ba komai a wurin sai santsin fenti.

Ta shiga da shi haka. Faɗin ƙofa ya ishe shi, abokina bai yi ƙarya ba. Amma tayar gaba ta daki bango tun tayoyin baya suna waje. Ta ja baya, ta karkata, ta sake gwadawa. Muka gwada da baya-baya. Muka kankare bangon har ƙasa tana zubo wa buzun Baffa. In ba kowa a kai, kuma ƙarti suka miƙar da shi tsaye, yana shiga da ƙyar, amma da mutum a kai ko kusa. Keken dogo ne, kuma ba inda yake lanƙwasawa. Aka bar shi a waje gindin darbejiya. Yaya ta ce ba komai, ai ba a ɗaki ake hawan keke ba, ta sauka ta ja jiki ta shige.

Abin da ban hango ba shi ne wayewar garin Asabar. Zaure ya cika, ita kuma tana da kitso a wata unguwa. Tun tana yarinya rabonta da jan jiki a gaban maza. Yanzu ga ta babbar mace, mai suruki, za ta ratsa ta gaban magidanta da tafin hannu, ƙafafu suna biyo ta a baya, zane yana sharar ƙasa, mayafi yana zamewa ba hannun gyara shi. Ta yi sallama daga ciki. Baffa ya ɗaga kai ya gane, sai ya rufe littafi ya miƙe, ya ce wa ɗalibansa su ɗan sha iska. Dattawa masu furfura suka kwashi takalma suka fita, suka tsaya a rana sun juya wa ƙofa baya, har ta wuce ta hau. Da ta dawo aka sake yin haka.

Don girmamawa suka yi, na sani. Ba wanda ya yi tsaki, ba wanda ya ɓata rai. Da wani ya yi tsaki da na san wanda zan yi faɗa da shi. Amma ran nan Yaya ta shigo ba ta ba da labarin kowa ba. Ta gaya wa matar Baffa cewa ita ba za ta riƙa tashin mutane daga kan littafi don za ta je kitso ba. Baffa ya aika mata cewa ba komai, lada ma suke samu. Wannan sai ya ƙara mata nauyi. Na ce to in riƙa ɗaukar ta ina fitarwa, ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba buhu ba ce.

Na shiga neman hanya, ni da zafin kaina. Na kawo magini ya duba ko za a fasa bangon nan na tsakiya. Ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga kai ya kalli rufin, ya ce bakan da ke ɗauke da rufin a kan bangon nan ya zauna, in an taɓa shi zauren ne zai sauko gaba ɗaya. Na je wa Baffa da maganar a rushe a yi na bulo. Bai yi faɗa ba. Ya shafa bangon ya ce a nan mahaifinsa ya biya masa karatu, amma in Allah ya hore a yi. Ni da shi duk mun san bai hore ba. Na zagaya gidan ina neman inda za a huda wata ƙofa. Gefe ɗaya ɗakunan maƙwabta ne a manne da namu, ɗaya gefen masallacin unguwa, baya kuwa gonar wani dattijo ce da ta zo har jikin katanga. Na roƙe shi 'yar hanya iya faɗin keke. Ya ce da tasa ce shi kaɗai da ya ba ni, amma gado ce ba a raba ba, magadan sun kusa fin kunyoyin gonar yawa. Ban ga laifinsa ba, duk da na so in gani.

Na tura keken wurin mai walda na ce ya yanka wuyan ya yi masa sakata. Ya ƙwanƙwasa bututun da sufana ya saurara. Ya ce bututun ba kauri, ƙarfinsa duk a lanƙwasar nan yake, muddin aka yanka shi ya tashi daga aiki, kuma shi ba zai yi abin da zai kayar da Yaya a hanya ba. Na juyo da shi ina turawa, yana tafiya sumul, abin har haushi ya ba ni.

Na aro keken asibiti wurin wasu mutane da tsohonsu ya warke, da nufin ta ratsa zaure da shi ta koma kan ɗayan a waje. Ya sha kwanar kam, amma 'yan tayoyin gabansa nutsewa suke a yashin ƙofa sai an tura. Kuma ba yadda za ta yi ta tsallaka daga wannan zuwa wancan sai ta sauka ƙasa tukuna, a bakin hanya, inda idanu suka fi na zaure yawa. Sau ɗaya ta gwada. 'Yarta ma ta zo daga Gezawa ta ce ta koma wurinta, gidansu ƙofa a miƙe take, Yaya ta ce ita ba ta zaman gidan suruki da ranta da hankalinta.

Fitarta ta koma ranakun da ba karatu. To amma zaure irin na Baffa ba ya rasa mutum, in ba ɗalibi ba mai neman addu'a, in ba shi ba baƙon da ya tsaya shan ruwa. Ko ta fita da sassafe ba kowa, dawowa fa? Sai ta riƙa tsayawa daga nesa a kan keke tana jiran zaure ya watse. Daga baya ta fara aika wa masu kitso su zo gida. Na kusa suka riƙa zuwa, na nesa suka sami wata. Aka yi bikin 'yar aminiyarta, yarinyar da ita ta yi wa kitson farko a duniya, Yaya ta ce kanta ke ciwo.

A waya na sauke wa abokina. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita ba. Ya bar ni na gama, don ya san halina, sannan ya ce abin ya ba shi mamaki, domin sun bi mutanen da aka ba kekunan suna tambaya, kuma kowa cewa yake da sauƙi. Na ce masa shi Bahaushe ne kuwa? Yaushe ya taɓa gaida mara lafiya ya ce masa ba sauƙi? Mahaifinmu ranar da zai rasu aka tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Balle ka ba mutum abu kyauta, ka dawo da fara'arka kana tambayarsa yaya ya ji shi. A ƙarshe abokin nawa ya ce zai zo.

Ya zo kuwa, ranar wata Alhamis, da abin awonsa a aljihu. Ya fara duba keken a gindin darbejiya, ya shafa tayoyin ya ga ko gashinsu bai gama zubewa ba. Ya gaida Baffa. Sannan ya tsaya a ƙofar ciki ya yi sallama, Yaya ta amsa daga bayan bango, aka gaisa, ta tambaye shi iyali da aiki.

"Yaya, ya keken?" in ji shi.

Na riga na roƙe ta tun da safe ta gaya masa gaskiya, don haka na kasa kunne.

"Da sauƙi, Injiniya," ta ce. "Keke ne mai kyau. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ɗaga mini hannu. Ya koma waje ya hau keken da kansa, ya murza ya shigo. Tayar gaba ta daki bango daidai inda muka kankare. Ya ja baya, ya sake. Bai ko fito da abin awon ba. Ya daɗe a zaune a kai, rabi a ciki rabi a waje, sannan ya ce gidan da aka haife shi ma irin zauren nan gare shi, ya ratsa shi ba adadi, bai taɓa ganin kwanar ba. Ya ce duk waɗanda suka gwada masa keken kafin a fara ƙerawa maza ne, don su ne ke zuwa wurin aikin. Namiji ya ajiye keke a ƙofar gida ya ja jiki ya shiga zaurensa, wa zai tashi dominsa?

Na ce to a mayar da sakata. Na ɗauka magana ta ƙare tunda ya gani da idonsa. Muka zauna a kan dakali ya yi mini bayani a hankali, yadda nake yi wa 'yan ajina. Sakata ba abu ba ce da za a liƙa daga baya. In za a sa ta sai an sauya bututu, in an sauya bututu teburin nan mai maƙalai ya tashi daga aiki, sai an ƙera wani, sai an nemo mai sassaƙa ƙarfe, sabbin masu waldan nan kuma su koma koyo. Masu biya yawan kekuna suke dubawa. Akwai kuma mutanen da ke jira tun bara, wasunsu ko zauren ba su da shi, bukka ce da zana. Ya tambaye ni wa zai cire daga layi don a yi wa mata sakata. Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma bai sani ba.

Da na sami ƙarya ko ɗaya a maganarsa da na ji sanyi. Na duba ban samu ba. Ya yi alkawarin zai ƙera wa Yaya nata ita kaɗai da hannunsa in aiki ya lafa, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Aikin bai lafa ba. In na kira shi yakan ce yana sane, ya ma zana, saura ya sami mai sassaƙar. Daga baya na daina kira, don na ga kunyata yake ji, ni ma na fara jin tasa. In na shiga Kano na ga shuɗayen kekunan nan a titi, wani yana talla a kai, wani ya ɗauko ɗansa a baya, sai in rasa abin da zan ji. Murna ce take fara zuwa, sannan in tuna da Yaya.

Damina ta sauka a kan keken. Na rufe shi da buhu, iska ta yaye, na sake rufewa. Kaca ta fara tsatsa, na riƙa ɗiga mata baƙin mai ina murzawa a inda yake, ba don komai ba sai don Yaya ta jiyo motsinsa ta san yana nan.

Bayan girbi wani mutum ya zo daga wata unguwa ta wajen hanyar Dawanau. Ya gaida Baffa, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya fito da maganar. Ƙaninsa ne ya yi hatsarin babur ƙafafu suka mutu, ya ji an ce akwai keke a nan ba a hawa. Na ce masa ana hawa. Da ƙarfi na faɗa, yadda zai san maganar ta ƙare. Ashe muryata ta shiga ciki. Sai ga matar Baffa ta leƙo ta ce Yaya na kira.

Na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma. Ta tambaye ni ko gidan mutumin yana da zaure. Na ce ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Ta ce in je in tambaya. Na je. Ba su da zaure, ƙofar langa-langa ce, kana buɗewa ga tsakar gida.

"To ka ba shi," ta ce.

"Yaya, in aka ba shi da me za ki fita?"

"Yanzu da me nake fita, Auta?"

Na ce mata Injiniya yana nan yana ƙoƙari, na ce Baffa ya ce in Allah ya hore, na ce ana maganar magadan gonar baya za su raba. Ta bar ni na jero su duka, tana yi mini irin kallon da take yi mini in na shirga ƙarya ina yaro. Sannan ta ce keken nan ba shi da laifi, don a hau aka yi shi, kuma ita ba za ta tsaya gaban Allah da haƙƙin mutumin da ke kwance ba alhali keke yana lalacewa a ƙofar gidansu. Ta ce in sa a hura wa tayoyin iska kafin in ba shi, kada a ce mun ba da abu a lalace.

Na kai wa mai gyara ya hura, na goge kujerar. Mutumin ya yi ta godiya har ya ishe ni. Ya ce ai ba sai an nemi mota ba, abin ba nauyi, turawa zai yi har bakin titi. Na tsaya ina kallonsa yana tafiya da shi tsakanin karan dawa har ya wuce tsamiya. Da na juyo na shiga zaure, na karya hagu, na karya dama, ran nan kowace kwana sai da na ji ta a jikina.

An kwana biyu yanzu. Yaya tana nan lafiya, tana kitso a gida, hannun yana nan yadda aka san shi. Sai dai yanzu ita ce mai tambaya. Duk wadda ta zo ta ɗora kai a cinyarta sai ta haɗa da labari: wa ya haihu, wa ya yi sabon ɗaki, ina aka kai 'yar wane. Wani lokacin ana ba ta labarin da ya tsufa, ta karɓa kamar sabo.

Bana aka faɗaɗa hanyar da ta bi ta gaban unguwarmu, aka zuba mata jar ƙasa aka daddanne, tsamiyar mararraba ta tafi a cikin aikin. Hanya ta shimfiɗu, irin wadda keke zai yi ta gudu a kai ba gajiya. Yaya tana jiyo ƙarar motocin aikin daga ciki. Wata rana na taso daga makaranta na zauna kusa da ita ina shan fura, sai ta ce:

"Auta, an ce an gyara hanya. Yashin nan na gindin tsamiya, inda nake kafewa kullum, ya yake yanzu?"

Na so in gaya mata ba yashin, ba tsamiyar, hanyar ta zama irin wadda ta yi shekaru tana roƙo. Na dubi hannuwanta a kan cinya, na ga kantar tafin ta fara laushi.

"Da sauƙi," na ce.

Ta dube ni, ta gyaɗa kai. Ta fi kowa sanin kalmar, ba ta sake tambaya ba.